Rita Hayworth: Tauraruwar da ta auri ɗan Aga Khan

Rita Hayworth, wadda ta rasu a birnin New York ranar 14 ga watan Mayun 1987, tana cikin matan da suka fi tashe a fina-finan Amurka a shekarun 1940. Sau biyar tana aure, kuma da wuya a sami namijin da ya shigo rayuwarta bai nemi sauya ta yadda ransa ke so ba.

An haife ta ne a unguwar Brooklyn cikin watan Oktoban 1918, kuma ainihin sunanta Margarita Carmen Cansino. Mahaifinta, ɗan rawa daga ƙasar Sifaniya, ya ɗauke ta abokiyar rawarsa a gidajen shaƙatawa na Tijuana da ke Meksiko tun tana yarinya ƙarama.

Mijinta na farko, Edward Judson, wanda ya girme ta ƙwarai, shi ya riƙe ragamar sana'arta bayan aurensu a 1937. A zamaninsa ne kamfanin Columbia ya sauya mata suna, aka rina gashinta ja, aka kuma yi amfani da lantarki wajen cire gashin goshinta, duk domin a ɓoye kamanninta na 'yar Sifaniya.

Fim ɗin Gilda na 1946 ne ya kai ta ƙololuwa. A shekarar ce aka manna hotonta a jikin wani bam ɗin nukiliya da Amurka ta gwada a tsibirin Bikini, abin da ya ɓata mata rai matuƙa. Mijinta na biyu kuwa, fitaccen daraktan nan Orson Welles, sai ya sa aka datse gashin da aka san ta da shi domin fim ɗinsa The Lady from Shanghai.

Auren da ya fi jan hankalin duniya shi ne wanda ta yi a 1949 a kudancin Faransa da Yarima Aly Khan, ɗan Aga Khan na uku, shugaban mabiya Isma'iliyya. Ta ajiye fim, ta haifa masa 'ya mai suna Yasmin a ƙarshen shekarar. Sai dai rayuwar liyafa da tseren dawaki ta yariman ba ta dace da mace mai kunya irinta ba. Sun rabu a 1953, bayan taƙaddama kan riƙon yarinyar da kuma addinin da za ta tashi a cikinsa.

Aurenta da mawaƙi Dick Haymes da kuma furodusa James Hill bai yi ƙarko ba.

Daga baya ta fara mance kalmomin da aka ba ta a wurin ɗaukar fim, tana yawan fusata ba dalili. Jaridu suka yi ta yayata cewa giya ce ta lalata ta, alhali cutar mantuwa ta Alzheimer ce ke cin ta, ba a kuma gano hakan ba sai wajen 1980.

Yasmin ce ta ɗauki nauyin jinyarta har ta cika tana da shekara 68. Bayyana ciwon nata da aka yi ya taimaka wajen wayar da kan Amurkawa game da cutar, kuma Yasmin ta shafe shekaru tana shirya taron tara kuɗin bincike da sunan mahaifiyarta.