Eleanor Roosevelt: Uwargidan Shugaban Amurka da ta fice daga ƙungiyar masu asali

A ranar 11 ga Oktoban 1890 waɗansu mata suka hallara a birnin Washington suka kafa ƙungiyar 'Ya'ya Matan Juyin Juya Halin Amurka, wadda aka fi sani da DAR, bayan takwararta ta maza ta ƙi karɓar mata. Aikinta shi ne adana tarihi, tallafa wa ilimi da cusa kishin ƙasa. Amma ba kowace mace ke shiga ba. Sai wadda ta cika shekara 18, ta kuma gabatar da takardun haihuwa da na aure da ke tabbatar da salsalarta har zuwa kakan da ya yi yaƙi, ko ya taimaka, wajen ƙwato 'yancin Amurka daga Ingila. A ranar da aka kafa ƙungiyar ne wata yarinya a New York, Anna Eleanor Roosevelt, ta cika shekara 6 a duniya.

Idan asali ake nema, Eleanor ta gaje shi gaba da baya. Mahaifinta bai kai ga mulki ba, amma yayan mahaifin nata, Theodore Roosevelt, ya zama Shugaban Ƙasa a 1901, sannan ta wajen uwa ta fito daga zuriyar Livingston, gidan da ya yi fice a fafutukar neman 'yanci. Sai dai asalin bai hana ta ɗanɗana maraici ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1892, mahaifinta ya bi baya a 1894, kakarta ta ɗauki riƙonta. Tana da shekara 15 aka tura ta makarantar Allenswood da ke wajen Landan, inda yarinya mai tsananin kunya ta koyi faɗin ra'ayinta.

A 1905 ta auri Franklin Roosevelt, ɗan uwanta na nesa, suka haifi 'ya'ya 6, ɗaya ya rasu yana jariri. Da cutar shan inna ta kwantar da mijin a 1921, ita ta zama ƙafafunsa a fagen siyasa, har ya hau kujerar shugabancin ƙasa a 1933. Bayan shigarsu Fadar White House ne sunanta ya shiga rajistar DAR, ko da yake ba ta taɓa zama mai zirga-zirga a harkokinta ba.

Ƙungiyar tana da katafaren zauren taro a Washington mai suna Constitution Hall, wanda a lokacin babu kamarsa a birnin. Tun 1932 ta kafa ƙa'idar cewa farar fata kaɗai za su hau dandalinsa. A farkon 1939 Jami'ar Howard ta nemi zauren domin Marian Anderson, baƙar fata mawaƙiyar da muryarta ta riga ta cika manyan zaurukan Turai. Aka hana. Abin mamaki, ƙungiyar da ta samo asali daga rufe wa mata ƙofa ita ce ta rufe wa wata macen.

Lamarin ya sa Eleanor a tsaka mai wuya. Mijinta yana buƙatar ƙuri'un sanatocin Kudu, masu riƙe da wariyar launin fata, domin dokokinsa su wuce a majalisa. Saboda su ne ma ya ƙi fitowa fili ya goyi bayan ƙudurin haramta kisan gillar da gungun farar fata ke yi wa baƙaƙe. Tana iya yin gum, ba wanda zai zarge ta, domin ba ita ta kafa ƙa'idar ba. Ta dai auna ta ga cewa ci gaba da zama a cikin ƙungiyar tamkar sa hannu ne a kan abin da aka yi. A ranar 26 ga Fabrairu ta aika wa shugabar DAR takardar ficewa, washegari kuma ta bayyana matakin a filin da take rubutawa kullum a jaridu, ba tare da ta kama sunan ƙungiyar ba. Babu wanda bai gane ba.

Daga nan magana ta bar hannun DAR ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Sakataren Harkokin Cikin Gida, Harold Ickes, ya ba da filin da ke gaban ginin tunawa da Abraham Lincoln, kuma a ranar 9 ga Afrilu, Lahadin Ista, mutum kimanin 75,000, fari da baƙi a cakuɗe, suka tsaya suna sauraren Anderson, miliyoyi kuma suka bi ta rediyo. Eleanor ba ta halarta ba, abin da ya bar wa mawaƙiyar ranarta. Amma a watan Yuni an gayyaci Anderson fadar shugaban ƙasa ta rera wa Sarkin Ingila George na Shida, a Yuli kuma Eleanor da hannunta ta miƙa mata lambar yabo ta Spingarn a birnin Richmond.

Ƙungiyar ba ta sauya nan take ba. Ta bar Anderson ta rera a zauren a 1943 domin tara tallafin yaƙi, ta soke ƙa'idar a 1952, amma sai a 1977 aka ga baƙar fata, Karen Batchelor, ta kawo takardun salsalarta ta samu shiga, alhali baƙaƙen fata ma sun riƙe bindiga a yaƙin neman 'yancin.

Bayan rasuwar mijinta a 1945, Shugaba Harry Truman ya naɗa Eleanor wakiliya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ta jagoranci kwamitin da ya tsara Kundin Haƙƙin Ɗan Adam, wanda aka amince da shi a Paris ranar 10 ga Disamban 1948, ƙasashe 48 suka goyi baya, 8 suka ƙaurace. Ta rasu a New York ranar 7 ga Nuwamban 1962 tana da shekara 78, aka binne ta kusa da mijinta a Hyde Park.