Malamin Makarantar Kaluga

Ran da aka kafa sunayen garuruwan da za mu je gwajin koyarwa, na ga an tura ni wani ƙauye da mota ba ta zuwa sai ran kasuwa. Raina ya ɓaci. Na shiga ɗakin karatu don in huce, sai na ci karo da labarin wani malamin makaranta na ƙasar Rasha, sunansa Konstantin Siyolkofski. Labarinsa na ke so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai.

An haife shi cikin shekara ta 1857 a wani ƙauye na lardin Riyazan. Yana da wajen shekara 10 zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, ya bar shi ba ya ji sai kaɗan. Makaranta ta gagare shi. Da ya kai shekara 16 ubansa ya aika da shi Masko, ya yi shekara uku yana koya wa kansa lissafi a ɗakin karatu na jama'a. 'Yan kuɗin da a ke aiko masa littattafai ya ke saya da su, ya ci baƙar gurasa da ruwa. Cikin 1879 ya ci jarrabawar malanta, aka ba shi aiki a Borofsk. Cikin 1892 aka mai da shi Kaluga.

Kaluga gari ne a bakin kogin Oka, kamar mil 120 kudu maso yamma da Masko. An fara ambatonsa a rubuce cikin 1371. Dā garin fatake ne, jiragen ruwa suna ɗaukar hatsi da katako, a nan kuma aka tara wa sojan Rasha guzuri sa'ad da Napoliyon ya kawo yaƙi cikin 1812. Amma lokacin da malaminmu ya iso, jirgin ƙasa ya riga ya janye ciniki daga kogin, garin ya yi sanyi.

Da rana ya koyar da lissafi da kimiyya, da dare ya hau bene ya yi ta auna yadda mutum zai fita daga duniyan nan. Ya ƙera wa kansa wani abu kamar mazurari na gwangwani, ya kan kara a kunne in ana yi masa magana. Mutanen gari kuwa suka ɗauke shi taɓaɓɓe.

Cikin 1903 ya buga bayaninsa a kan roka. Ga gindin maganar. In kana cikin kwalekwale ba filafili, ka yi ta jefa duwatsu baya da ƙarfi, kwalekwalen zai matsa gaba. Haka roka ta ke, tana feso wuta baya, ita kuwa ta yi gaba, ko a inda babu iska. Ya lissafa cewa sai ta yi gudun wajen mil 5 cikin daƙiƙa ɗaya kafin ta iya kewaya duniya. Kusan ba wanda ya kula. Cikin 1908 Oka ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gidansa ya ɓata littattafai da takardu. Bai fasa ba. Cikin 1929 ya bayyana yadda za a ɗora roka bisa roka, wadda manta ya ƙare a yar da ita.

Ya rasu ran 19 ga Satumba, 1935, bai ga ko ɗaya ta kai sararin samaniya ba. Ran 4 ga Oktoba, 1957, aka harba Sputnik, watau shekara ɗari da 'yan kwanaki bayan haihuwarsa. Cikin 1961 Yuri Gagarin, mutum na farko da ya kewaya duniya a kumbo, ya zo Kaluga ya aza harsashin gidan tarihin zuwa sararin samaniya, aka buɗe shi cikin 1967. An kafa masana'antar injuna a garin cikin 1946, ta motoci kuma cikin 2007, amma har yau da sunan kurman malamin nan a ke sanin Kaluga.

Ban ce kowannenmu zai yi irin abin da ya yi ba. Abin da na ɗauka shi ne, ya yi shekara 40 yana shiga aji, ƙanƙantar wuri ba ta hana shi karatu ba. Na ɗaure akwatina, littattafai sun fi tufafi yawa a ciki.