Moustapha Alassane: Bakaniken da Ya Koya wa Zane Tafiya

A tarihin finafinan zane mai motsi a Afirka ta Yamma, sunan da ake fara ambata shi ne na Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a N'Dougou a shekarar 1942, ya kuma rasu ran 17 ga Maris, 2015, a birnin Wagadugu na ƙasar Burkina Faso.

Sana'ar kanikanci ya fara koya. Amma tun yana yaro hankalinsa na kan zane da wasan inuwa, inda yakan haska surorin da ya ƙera da fitila domin nishaɗantar da jama'a. A birnin Yamai ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan masanin al'adu mai ɗaukar fim, wanda ya buɗe masa ƙofar sana'ar. Daga bisani ya tafi Kanada, ya zauna a hukumar finafinai ta ƙasar, inda ya ƙaru da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya.

Sai an fahimci yadda ake wannan aiki kafin a san nauyin abin da ya ɗauka. Fim jerin hotuna ne tsayayyu, waɗanda ake haskawa guda 24 a cikin kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Mai fim ɗin zane shi ke samar da kowane hoto da hannunsa: ya zana, ya ɗauka, ya sauya zanen kaɗan, ya sake ɗauka. Idan 'yar tsana ce, sai ya gusa hannunta ko ƙafarta ɗan taƙi kafin kowace ɗauka. Minti ɗaya na cin hoto 1,440. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba, sai an tanadi zane 720. Kuma a zamaninsa ba a ganin sakamako sai an wanke fim ɗin, don haka kuskure ɗaya na iya lalata aikin kwanaki.

A 1962 ya fitar da Aouré, fim ɗin da mutane suka fito a ciki, kan al'adun aure a wani ƙauyen Zabarmawa. Fim ɗinsa na zane, La Mort de Gandji, ya samu lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ce kuma ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na kimanin minti biyar, wanda ya nuna Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, yana ziyarar aiki a wata ƙasa cikin fareti da bushe-bushe da jerin gwano. Shekara shida kacal ke nan da samun 'yancin kan Nijar, lokacin da zolayar masu mulki ba abu ne mai sauƙi ba. Sai ya sa kwaɗi suka faɗi abin da bakin mutum ke shakkar faɗa, kamar yadda tatsuniya ke yi da gizo da ƙoƙi.

Bai tsaya ga zane kaɗai ba. Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966, labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A 1972 ya yi FVVA, wanda ya soki haɗamar mace da gida da mota da kuɗi a tsakanin sababbin ma'aikatan birni. A Samba le grand na 1977 ya yi amfani da 'yan tsana, haka ma a Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya suka shiga filin kokawar gargajiya, wasan da Nijar ke ji da shi.

Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai har tsawon shekara 15. Da harkar fim ta ja baya a Nijar, gidajen sinima suka riƙa rufewa, sai ya koma garin Tawa, ya buɗe masaukin baƙi, ya kuma ci gaba da aiki a ɗan ɗakin sana'arsa. Da tsufansa ya koyi sarrafa zane da kwamfuta.

Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes a 2007. A 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya nunin finafinansa.

A yau ɗalibin aikin jarida a Jalingo ko Kano ko Maraɗi na iya ɗaukar hotuna ɗaya bayan ɗaya da wayar hannu, ya gyara su, ya jera su a manhaja, ya ga motsin nan take. Kayan aiki sun sauƙaƙa, amma lissafin hoto bayan hoto da haƙurin da yake buƙata suna nan yadda Alassane ya same su. Abin da ya rage shi ne finafinansa, waɗanda aka fi gani a bukukuwan Turai da Amurka, su samu shiga azuzuwan makarantun yankin da ya yi su dominsa.