John Deere: Maƙerin da Bai Taɓa Ganin Tarakta Ba

Ɗan'uwa, wataƙila ka taɓa ganin koriyar tarakta mai rawayen ƙafafu tana huɗa, da hoton barewa na tsalle a gabanta. Sunan da ke jikinta, John Deere, sunan wani maƙeri ne, kuma har ya bar duniya bai taɓa ganin irinta ba.

An haife shi a shekara ta 1804 a garin Rutland, jihar Bamont ta Amurka. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa, wanda tela ne, ya tafi Ingila, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwarsa ce ta rene shi. Yana da shekara 17 ya shiga koyon ƙira, ya kuwa ƙware. Amma gobara ta cinye maƙerarsa har sau biyu, bashi ya yi masa katutu. A 1836 ya kama hanyar yamma zuwa Grand Detour a jihar Ilinoi, ya bar matarsa Demarius da 'ya'ya huɗu, ga kuma ciki. In ka taɓa kwana kana lissafin masu binka, ka san irin nauyin da ya ɗauka a wannan tafiya.

Can ya tarar manoma cikin wahala. Ƙasar baƙa ce, mai albarka, amma mai danƙo. Garmar da suka zo da ita daga gabas ta ƙarfen zubi ce, mai kaushi, laka sai ta manne mata. Manomi ya yi 'yan taku, ya tsaya ya kankare, ya sake tafiya, haka har faɗuwar rana. Deere ya saurari kukansu. A 1837 ya samu karyayyen zarto a wurin yankan katako, ya lanƙwasa shi, ya goge shi har ya yi santsi. Da aka sa shi a gona, ƙasa ta riƙa zamewa da kanta. Abin da wani ya yar, shi ne ya zama mafarin arzikinsa.

Ba dare ɗaya abin ya bunƙasa ba. Garma 10 ya ƙera a 1839, sai 100 a 1842. A 1848 ya koma Moline, bakin kogin Misisifi, inda ya zama ɗan ikkilisiyar Congregational, daga baya kuma magajin gari. Cikin nan da ya bari a gida, Charles ke nan, shi ne ya karɓi ragamar kamfanin lokacin da kasuwa ta karye a 1857.

John Deere ya rasu a 1886. Sai a 1918 kamfaninsa ya sayi masana'antar da ke ƙera tarakta Waterloo Boy. A 1923 aka fitar da Model D mai silinda biyu, aka yi shekara 30 ana ƙera ta. Har yau akwai manoman Amurka da ke gyara tsofaffin, su tada injin don kawai su ji wannan ƙara tata mai bugawa ɗaiɗai.