Clara Zetkin (1857–1933): Rayuwarta a Fagen Ƙwadago da 'Yancin Mata

Gabatarwa

A kowace ranar 8 ga Maris, gidajen rediyo da ƙungiyoyin mata a Nijeriya da Nijar kan raya Ranar Mata ta Duniya, amma ba kasafai ake ambaton tushenta ba. Ranar ta samo asali ne daga gwagwarmayar mata ma'aikata a Turai, kuma Clara Zetkin tana sahun gaba cikin waɗanda suka assasa ta. Rayuwarta ta ginu a kan ra'ayi guda: macen da ba ta da abin hannunta ba ta da cikakken 'yanci, don haka ba a raba batun mata da batun ƙwadago.

Tasowa da Gudun Hijira

An haifi Clara Eissner ranar 5 ga Yuli, 1857, a ƙauyen Wiederau da ke yankin Saxony a Jamus. Mahaifinta malamin makaranta ne, ita ma ta sami horon koyarwa a Leipzig, inda ta fara cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu. A 1878 gwamnatin Bismarck ta haramta ayyukansu, abin da ya kai ta ga barin ƙasar a 1882, ta zauna a Zurich, daga bisani ta koma Faris. A can ta yi zama da Ossip Zetkin, ɗan gudun hijira daga Rasha, ta ɗauki sunansa, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Ya rasu a 1889, ya bar mata ɗawainiyarsu cikin ƙuncin talauci. A shekarar ce ta yi jawabi a taron 'yan gurguzu na ƙasa da ƙasa a Faris, ta kare haƙƙin mace na yin aikin albashi, alhali maza ma'aikata da dama suna ganin shigowar mata masana'antu na karya musu albashi.

Ƙwadago da Aikin Jarida

Bayan dokar ta faɗi a 1890, ta dawo Jamus ta zauna a Stuttgart. Daga 1892 zuwa 1917 ita ce editar Die Gleichheit, wato Daidaito, jaridar mata 'yan gurguzu, wadda kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ake buga sama da kwafi 100,000. Ta shiga ƙungiyar masu ɗaurin littattafai, ta kuma yi aiki da ƙungiyar teloli. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin har zuwa 1908 dokar yawancin sassan Jamus ta hana mata shiga ƙungiyoyin siyasa.

A Faris ta ƙi amincewa da dokokin kariya na musamman ga mata ma'aikata, don gudun kada a fake da su a kore su daga aiki. Daga baya ta sauya matsayi, ganin halin da masu juna biyu da masu goyo ke ciki a masana'antu. Sai dai ba ta sassauta ba game da ƙungiyoyin mata masu hannu da shuni. A ganinta, buƙatar uwargida daban take da ta 'yar aikinta. Wannan matsayi ya ba tafiyarta ƙarfi, amma ya toshe ƙofar haɗin kai a kan buƙatun da suka shafi mata baki ɗaya, kamar 'yancin jefa ƙuri'a.

A taron mata 'yan gurguzu na Copenhagen a 1910, ita da abokan tafiyarta suka gabatar da ƙudurin ware rana ta mata. An fara raya ta ranar 19 ga Maris, 1911, a Jamus da Ostiriya da Danmak da Siwizalan.

Yaƙi da Kwaminisanci

Da jam'iyyarta ta SPD ta goyi bayan kuɗin yaƙi a 1914, Zetkin ta bijire tare da aminiyarta Rosa Luxemburg. Ta shirya taron mata masu adawa da yaƙi a Bern a 1915, aka tsare ta, sannan aka raba ta da jaridarta a 1917. Ta shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Jamus a 1919, ta wakilce ta a majalisar dokoki daga 1920 zuwa 1933. Ranar 30 ga Agusta, 1932, tana da shekara 75, ganinta ya yi rauni ƙwarai, ta buɗe zaman majalisar a matsayin wadda ta fi kowa shekaru. A gaban wakilan 'yan Nazi ta yi kira ga ma'aikata da su haɗa kai su tunkari fasistanci. Watanni biyar bayan haka Hitler ya hau mulki.

Kammalawa

Ta rasu ranar 20 ga Yuni, 1933, kusa da Mosko, aka binne tokarta a jikin ganuwar Kremlin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara raya ranar matan a 1975. Bikin ya bazu a duniya, amma tambayar da ta haife shi, wato nawa ake biyan mace a kan guminta, kuma wa ke magana da yawunta a wurin aiki, har yanzu tana jiran amsa.