Marigayi Malam Bello Kagara, Walin Katsina

Yawancin masu karatu da littafin Ganɗoki suka san Malam Muhammadu Bello Kagara, amma a koyarwa da shari'a ya ƙarar da yawan kwanakinsa.

An haife shi a Kagara cikin 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka a gida ya fara karatu. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya Turawa suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa, iyayen Bello na cikinsu. Yaron ya ga gudun hijira da idonsa. Duk da haka, bayan ƙura ta lafa, sai ga shi a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su boko.

Ya yi koyarwa a Zariya, daga nan aka kai shi Kwalejin Katsina, inda ya riƙa koyar da Larabci da addini. Wannan aiki ba ƙarami ba ne, gama sarakuna da iyaye suna tsoron kada boko ya raba yaransu da Musulunci, kuma malamai irinsa ne suka kwantar musu da hankali. A kwalejin nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, haka kuma ƙanensa Abubakar Imam, wanda ya ɗan taɓa zaman majalisa a farkon shekarun 1950.

A gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ya shigar da Ganɗoki, labarin wani barde da ya yaƙi Turawa, aka buga shi a 1934. Mai karanta farkon littafin zai gane marubucin bai manta da abin da ya gani yana yaro ba.

Daga baya ya koma aikin mahaifinsa, ya zama Alƙalin Alƙalan Katsina. A wancan zamani mutumin kudancin ƙasar, ko na Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, in bai gamsu da hukuncin alƙalin gundumarsa ba, birni yake ɗaukaka ƙara. Ya kuma riƙe sarautar Walin Katsina, ya rubuta tarihin Sarki Muhammadu Dikko.

Allah ya yi masa rasuwa a 1971.