Mary Slessor, Uwar Tagwaye

A makarantarmu muna da Hassan da Husaini, muna da Hassana da Usaina. A wurinmu tagwaye abin murna ne. Amma a da, a ƙasar Kalaba, haihuwar tagwaye tashin hankali ce. Wannan makon mun kawo muku tarihin matar da ta ba da rayuwarta don ceton irin waɗannan jarirai.

An haifi Mary Slessor ranar 2 ga Disamba, 1848, a garin Aberdeen na ƙasar Sikotilan. Iyayenta talakawa ne. Mahaifinta mai ɗinkin takalma ne, amma shan giya ya hana shi riƙe gida. Mahaifiyarta kuwa mace ce mai ibada, ita ta koya mata karanta Littafi Mai Tsarki. Da suka koma garin Dundee, Mary ta shiga aiki a masaƙa tana da shekara 11, wato ba ta ma kai mu ba. Rabin yini tana aiki, rabin yini tana makaranta. Tun tana ƙarama ta san yunwa, ta san tsoro.

A shekarar 1876 ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba don aikin mishan. Ta koyi harshen Efik har ya zauna a bakinta. Ta zauna a ɗakin ƙasa, tana cin abincin mutanen gari, sau da yawa ma tana tafiya ba takalmi. Wani ɓangare na albashinta kuwa gida take aikawa, don mahaifiyarta da ƙannenta.

A lokacin, mutanen yankin sun yi imani cewa ɗaya daga cikin tagwaye ɗan mugun iska ne. Tunda ba a san wanne ba, sai a hallaka duka biyun ko a jefar da su a daji, uwar kuma a kore ta daga gari. Tsoro ne ya sa su haka. Kafin zuwan Mary, wasu 'yan mishan da wasu sarakunan yankin sun fara yaƙi da al'adar. Abin da ta yi shi ne, da zarar ta ji an haifi tagwaye, ko da tsakar dare ne, sai ta ruga ta ɗauko su. Ta yi musu wanka, ta ciyar da su, ta raine su a ɗakinta. Wata yarinya da ta ceta, mai suna Janie, ta zama 'yarta, har ta tafi da ita Sikotilan. Mutane suka ga yaran suna girma lafiya, ba wata masifa da ta auku. Sannu a hankali tsoro ya fara raguwa.

A 1888 ta koma ƙasar Okoyong, inda baƙi ke jin tsoron shiga. Ta yi ta sasanta rigingimu har aka ba ta aikin alƙalanci a 1892. Zazzaɓin cizon sauro ya sha kwantar da ita, amma ba ta gudu ba. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, aka binne ta a Kalaba. Mutane suna kiranta Ma, wato uwa.

Me ya ba ta wannan ƙarfin zuciya? A koyarwar Kirista, kowane mutum halittar Allah ne mai daraja. A Linjilar Luka sura 10, Yesu ya ba da misalin Basamariye da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata, alhali wasu sun gan shi sun wuce. Darasin shi ne, maƙwabcinka shi ne duk wanda ke bukatar taimakonka, ko ba danginka ba ne. Mary ta riƙe wannan, ta aikata shi kusan shekara 39.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma muna da waɗanda muke gudu. Akwai wanda muke yi wa dariya don rigarsa ta yage. Akwai wadda ke zama ita kaɗai lokacin tara, ba ta da abin saye. Kirista ko Musulmi, duk mun san alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gobe idan an kaɗa ƙararrawar tara, mu duba wanda ke zaune shi kaɗai, mu je mu zauna kusa da shi.